Algaitar Salka Da Algaitar Kumatu

Masu karatu, akwai wata busa da sojojinmu su ke yi ran fareti, wadda da yawanku kun gani. Mai busar ya kan rungumo wata jaka a hammata, sanduna uku sun miƙe bisa kafaɗarsa, guda na bakinsa, guda kuma na hannunsa yana taɓawa da yatsu. Muryarta siririya ce mai kaifi, ba ta yankewa, har wanda ya jiwo ta daga nesa ya kan zaci algaita ce. Mutanen Sikotilan, watau arewacin tsibirin Birtaniya, su ne suka yi suna da ita. Zan kira ta algaitar salka, gama jakar nan fata ce da a ke cikawa da iska kamar yadda a ke cika salka da ruwa. Nufina in ba ku tarihin yadda masu ita suka riƙe ta har ta ƙetare teku, sa'an nan mu gwada da tamu algaitar, mu ga ko akwai abin da za mu tsinta.

Bari mu fara da yadda su biyun su ke aiki, don a nan zumuncinsu ya ke. Kowacce daga cikinsu tana da ɗan beli mai leɓe biyu, wanda in iska ta bi ta tsakaninsa ya kan yi rawa ya ba da murya. Kowacce kuma so ta ke iska ta riƙa zuwa ba tsayawa. To, ɗan Adam ba shi iya fitar da numfashi har abada, tilas ya shaƙa. Mutanen Sikotilan suka yi dabarar jaka ta fatar tunkiya: mai busa ya hura ta cika, in zai shaƙi iska sai ya matse ta da damtse, busa ta ci gaba. Namu mabusan kuwa jakarsu na jikinsu. Su kan tara iska a kumatu, su riƙa turo ta da naman kunci, su na shaƙar wata ta hanci a lokaci guda. Shi ya sa ka ke ganin kumatun mai algaita sun yi tulu-tulu. Sunan kansa ma yana da abin lura. A Maroko a na kiran irin tamu gaita, da aka sa mata alif da lam na Larabci ta zama algaita. A arewacin Sifen kuma gaita ita ce algaitar salka. Masana harshe sun yi saɓani a kan ko kalma guda ce ko dacewa ce kawai, amma dai kunne ya ji kamar 'yan ɗaki ɗaya ne.

Dā can mutanen duwatsun Sikotilan dangi-dangi su ke zaune, kowane dangi da shugabansa, kowane shugaba da mabushinsa, kamar dai yadda sarakunanmu su ke da nasu. Busa kuwa gado ce. Gidan da ya fi kowanne shahara shi ne gidan MacCrimmon, mabusan shugabannin dangin MacLeod a tsibirin Skye. Sun gaji aikin kaka da kakanni, har suka kafa makaranta a wani wuri da a ke kira Boreraig, inda waɗansu shugabanni su ke aiko da yaransu koyo. Masu ba da labari sun ce shekara bakwai almajiri ya kan yi kafin a sallame shi.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne ba da takarda su ke koyarwa ba. Malami ya kan rera busar da baki, da waɗansu kalmomi marasa ma'ana a magana, irin su hiharin da hodroho, amma kowace gaɓa tana nuna ramin da za a toshe da yadda yatsa zai faɗa. Almajiri ya haddace da baki tukuna, kāna ya mai da ita ga yatsu. Sunan wannan hanya a harshensu canntaireachd, watau rerawa. Duk wanda ya taɓa jin makaɗi na koya wa ɗansa take da baki kafin ya ba shi gula, ya san abin da a ke nufi.

A cikin 1745 dangogi da yawa suka yi wa Sarkin Ingila tawaye. Aka ci su da yaƙi a filin Culloden cikin 1746. A shekarar nan aka rataye wani mabushi mai suna James Reid a birnin York, ko da ya ke an kawo hujjar cewa ba ya ɗauke da makami. Alƙalai suka ce rundunar mutanen duwatsu ba ta fita sai da mabushi, saboda haka algaitarsa kayan yaƙi ce. Gwamnati ta hana su riƙe makamai da sa tufafinsu na gargajiya, ta rage ikon shugabanninsu. A kan ce wai har busar aka hana, amma dokar ba ta ambace ta ba. Abin da ya kusa kashe ta shi ne rashin ubangida. Da shugabanni suka koma masu karɓar kuɗin haya, ba su bukatar mabushi a ƙofar gida, gonar da a ke ba shi kyauta aka nemi ya biya. Kafin ƙarnin nan ya ƙare makarantar MacCrimmon ta watse. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

To, me ya cece ta? Da farko waɗansu manyan mutanen duwatsu mazauna Landan suka kafa jam'iyya cikin 1778, suka sa gasar busa ta fari a garin Falkirk cikin 1781, da lada mai tsoka. Tsofaffin da suka rataye algaitunsu suka sauko da su. Na biyu, aka fara rubutawa. Wani mai suna Colin Campbell ya rubuta rerawar baki cikin littafi wanda kashinsa na farko ke ɗauke da shekarar 1797, Angus MacKay kuma ya buga littafin manyan bushe-bushe cikin 1838, shi ne kuwa Sarauniya Biktoriya ta ɗauka mabushinta cikin 1843. Na uku, soja. Gwamnatin da ta rataye Reid ita ce ta ɗebi 'ya'yan mutanen duwatsu ta yi bataliyoyi da su, kowace bataliya da mabusanta. Cikin 1910 aka buɗe ajin koya wa mabusan soja, wanda ya zauna a ganuwar birnin Edinbara, inda wani gwani, Willie Ross, ya yi kusan shekara 40 yana koyarwa. Cikin 1944 Seumas MacNeill da Thomas Pearston suka buɗe makarantar busa a Gilasgo don kowa da kowa, ɗan gado da wanda ba ɗan gado ba, suka kuma fitar da littafin koyo cikin 1953 wanda ya zaga duniya.

Ta hanya biyu busar ta fita waje. Ta fari ƙaura. Talauci da korar da masu ƙasa suka yi musu don su yi kiwon tumaki suka sa dubban mutanen duwatsu suka shiga jiragen ruwa zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan, da algaitunsu cikin kaya. A tsibirin Cape Breton na Kanada jikokinsu suka kafa makarantar harshensu da al'adunsu cikin 1938. Ta biyu mulkin mallaka. Duk inda sojan Ingila ya sauka, mutanen wurin da aka ɗauka soja sun ji busar, waɗansu aka koya musu. Turawa suka tafi, ita ta zauna. Sojojin Indiya da Pakistan da Jodan da Oman su na busa ta, haka namu na Nijeriya. A garin Sialkot na Pakistan ma ƙera ta a ke yi a na sayar wa duniya. Icen da a ke sassaƙa mafi kyawunta da shi kuwa wani baƙin ice ne na Afirka, daga Tanzaniya da Mozambik.

Yaro a Kanada ko Ostareliya ba a fara miƙa masa jakar. A kan ba shi wata 'yar sarewa marar ƙara, ya yi watanni yana koyon yatsu kaɗai. In yatsu sun faɗa, sai a ba shi jaka ya koyi riƙon iska, sa'an nan ya shiga ƙungiya ta ƙanana, daga nan ta manya. Ƙungiyoyin hawa-hawa su ke, kamar azuzuwan makaranta, gasa ce ke ɗaga su. Gwanaye daga Sikotilan su kan tafi can su koyar lokacin hutu, su ma na can su kan zo. Har abin ya kai cikin 1987 wata ƙungiya daga Kanada ta zo Sikotilan ta cinye babbar gasar duniya, abin da baƙo bai taɓa yi ba. Ƙungiyar Jami'ar Simon Fraser ta Kanada ta ci cikin 1995, ta kuma maimaita sau da dama, 'yan sandan Biktoriya na Ostareliya suka ci cikin 1998. Amma duk da littattafai da gasa, manyan gwanayensu ba su saki rerawar baki ba. Sun ce takarda tana nuna maka ramin da za ka toshe, ba ta nuna maka inda za ka ja da inda za ka saki. Har yau mabushi ya kan lissafa malaminsa, da malamin malaminsa, har ya dangana da gidan MacCrimmon, kamar yadda malamanmu su ke jera salsalar waɗanda suka ba su izini.

Yanzu sai mu komo gida. Busar sarauta a ƙasar Hausa tsohuwa ce, ita ma baƙuwa ce da ta zama 'yar gari. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wani basarake da a ke kira Dagaci ya zo daga Barno da tambura da kayan busa da tutoci. Ya kuma lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara. Nan yamma kuwa akwai masu cewa daga mayaƙan Songai aka samo kakaki. Maganar ba ta yi nisa da hankali ba, gama Kanta na Kabi ya yi yaƙi tare da rundunar Askiya kafin su ɓata wajen 1516, ya kafa mulkinsa a Surame. Ko ta gabas ya zo ko ta yamma, hanyar ta bi ta Sahara zuwa ƙasashen Larabawa, inda sarakuna suka daɗe su na fita da dogayen ƙahoni na ƙarfe da algaita da tambura.

Busarmu ita ma ta gamu da ranar gwaji. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, ya ta da jihadi cikin 1804, yawan kiɗe-kiɗen fada yana cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su a littafinsa Kitabul Farƙi. Malaman jihadi sun yarda da ganga don tara jama'a da yaƙi da shelar aure, ba su yarda da ta wasa da fahariya ba. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu nan kusa da mu, ya fi kowa tsanani. Cikin 1807 ya bar runduna ya nufi gabas don baƙin cikin abin da ya ga jama'a sun fara komawa, ya kuma ambaci shagala da kayan kiɗa da busa cikin kukan da ya yi a Tazyinul Waraƙati. Duk da haka busa ba ta mutu ba, domin mulki da yaƙi su na bukatar murya mai kai wa nesa. Baturen nan Clapperton, wanda shi ma mutumin Sikotilan ne, ya rubuta cewa da ya doso Sakkwato cikin 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko mahaya su tarye shi da ganguna da kayan busa. Shekara 7 ke nan kacal bayan rasuwar Shehu. Ya komo daga baya, ajali ya same shi nan ƙasar Sakkwato cikin 1827.

Garinmu Tambuwal ribaɗi ne na gidan Muhammadu Buhari ɗan Shehu, yana zaune tsakanin Sakkwato da Gwandu da ƙasar Kabi, Kebbe na kudu da shi. Watau muna wurin da al'adu biyu suka haɗu, ta malaman jihadi masu taka-tsantsan da kiɗa, da ta tsofaffin fadojin Kabi da Zamfara masu tambura. Abin da aka daidaita a kai shi ne kowane kayan busa da matsayinsa. Kakaki, dogon nan na ƙarfe da a ke harhaɗawa gaɓa-gaɓa, na manyan sarakuna ne, ba kowa a ke busa wa ba. Farai na ice da ƙaho su kan raka shi. Algaita ta fi su sauka ƙasa, har hakimai a na yi musu. A fadoji irin na Zazzau da Katsina mabusa da makaɗa su kan taru ƙofar fada daren Juma'a su yi abin da a ke kira sara, ban da ranakun Salla da naɗin sarauta.

Yaya a ke koyonta? Hausawa sun raba masu sana'a biyu, ɗan gado da ɗan haye, busar fada kuwa galibi ta 'yan gado ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ya kan tashi yana ɗaukar wa ubansa kaya, yana bin sa fada, kunnensa na sha tun bai san yana koyo ba. Ya fara da busa karan dawa da sarewa, ya koyi gyaran beli, ya koyi juya numfashi, wanda shi ne mafi wuya. Amma yatsu da numfashi rabin aikin ne. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, algaita da kakaki kuwa magana su ke yi, su na bin hawan murya da saukarta. Saboda haka tilas yaro ya haddace taken kowane basarake da kirarinsa, da na ubansa da kakansa, ya san wanda a ke fara busa wa da wanda ke biye, ya san busar fita da ta sauka. In ya kuskure ya busa wa wani taken wani, ya jawo wa gidansu magana. Ashe kan tsohon mabushi taska ce ta tarihin gari. Haka abin ya ke ga makaɗan baka na wannan yanki: Musa Ɗanƙwairo na Maradun a gidansu ya gaji kotso, Sani Ɗandawo kuma ya gaji ubansa Aliyu Ɗandawo.

Kada kuma ku zaci ta Sikotilan kaɗai ce ta yi tafiya. Tamu ma ta fita. Akwai kakaki a fadar Etsu Nupe a Bida, da Ilori, da fadojin sarakunan Yarbawa, su ma kakaki su ke ce masa. Akwai algaita da kakaki a Damagaram, da fadojin lamiɓe na Adamawa har cikin Kamaru, inda mabusa da mawaƙa da yawa da Hausa su ke yi wa sarakunan Fulani kirari. Fatake da malamai da suka kafa zango a Gwanja da Kumasi sun tafi da makaɗansu. Bambancin shi ne tamu ta bi sarauta, ta zauna cikin gidajen gado, ba ta taɓa samun makaranta ko gasa ko littafin koyo da kowa zai saya ba.

Ba a ce ba a rubuta kome ba. Wani jami'in mulki, P. G. Harris, ya buga bayanin ganguna da kayan busa na Lardin Sakkwato cikin 1932. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa cikin 1971, bayan bincikensu a Zazzau da Katsina. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa cikin littattafai. Allah ya saka musu. Sai dai waɗannan bayani ne a kan busa, mai karanta su zai san sunan kowane abu, ba zai iya busa take ko guda ba.

Ga inda hatsarin ya ke. Abin da ya kusa kashe algaitar salka, watau raunin ubangida, shi ne ke bibiyar tamu. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 baitulmali da ya ke hannun sarakuna ya koma hannun hukuma, basaraken da dā ya ke ba da doki da riga da dame yanzu albashi ya ke jira. Ɗan mabushi ya shiga makaranta, abokansa na yi masa gorin roƙo, ya ga kuma a gidan biki na'ura guda ta maye gurbin mutum goma. Ba za a zarge shi ba in ya nemi wata sana'a. Amma busar da ba ta cikin littafi, in ɗa guda ya ƙi karɓa, salsalar shekaru ɗaruruwa ta yanke ke nan, ba ta kuwa ƙulluwa. Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin abubuwan gadon duniya a 2016, ta sa hawan daba na Kano a 2024. Wannan abin farin ciki ne, amma hawan da babu mai busa masa ai rabin hawa ne.

Shawarata ga sarakunanmu da hukumomin ilmi da 'yan'uwana malaman makaranta guda uku ce, dukansu kuwa an gwada su a wani wuri sun yi. A zauna da tsofaffin mabusa na kowane gari, daga Tambuwal har Kebbe, a ɗauki kowane take da na'ura, a sa mai shi ya faɗi kalmominsa da baki, da sunan wanda a ke yi wa, da wanda ya koya masa, a rubuta. Wayar da ke aljihun kowane malami ta isa wannan aiki. Sa'an nan a sa gasa shekara-shekara bayan Salla, da lada ga yaro da kuma ga wanda ya koya masa, don a ga sana'ar tana da daraja. Na uku, 'yan gado su yi haƙuri su buɗe ƙofa ga ɗan haye mai so, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da ke da kunne kuwa ba a kowane gida a ke haifarsa ba. Wanda ya ke ƙyamar abin saboda addini, ya tuna malamanmu sun rarrabe tsakanin kiɗan banza da wanda ke da amfani ga jama'a, adana sunayen magabata da tarihin gari kuwa amfani ne.

Mutanen Sikotilan sun farga saura kaɗan, suka tarar da tsofaffin da suka yi karatu wurin MacCrimmon da ransu. Mu ma namu tsofaffin su na nan tukuna, a na iya zuwa gidajensu gobe da safe a gaishe su a tambaye su. Allah ya ba mu ikon yi tun su na da numfashin busawa, amin.